Dakta Ta Je Aron Tsani

A jami'ar da take koyarwa, idan ka ce kana neman ofishin Dakta ba wanda zai tambaye ka wace Daktar, ko da yake daktoci sun fi arba'in a wannan bene. Sai a nuna maka ƙofar ƙarshe ta kusa da famfo, a ce ka tura da ƙarfi, domin littattafai sun tokare bayanta. Ɗan ƙaramin ofishi ne, da fanka mai kuka, da kujerar baƙi guda ɗaya wadda kullum takardun ɗalibai ke zaune a kai. Shekara ashirin da biyu ta yi a nan tana nazarin abu guda: yadda mutane ke komawa zama da juna bayan sun yi rikici sun ƙona wa juna gidaje.

A gida kuwa sunanta 'Yar Tambaya, kuma yayanta ne ya raɗa mata. Tana shekara bakwai mahaifinsu ya rasu, Yaya da ya girme ta da shekara goma sha biyu ya zama uba da ƙarfin tsiya. Kafinta ne. Da an tashi daga makaranta sai ta zarce shagonsa, ta hau kan buhun dusar katako, ta buɗe baki. Me ya sa ƙusa take da kai? Wa ya fara yin ƙofa? Idan aka yanka katako yana jin zafi? Wata rana zarto ya tafi da ƙaramin yatsansa na hagu, tana makaranta ma lokacin, amma da ya warke sai ya riƙa ɗaga hannun yana ce wa mutane tambayarta ce ta cinye yatsan. Shi ya yi mata teburin karatu da guntayen katako, shi kuma ya ɗauki akwatinta a ka ranar da ta shiga jami'a.

Tana shekarar farko a jami'a rikici ya ɓarke a garinsu. Gari ne da kogi ya raba biyu, gada ta haɗa, kuma kowane ɓangare yana kiran ɗayan mutanen tsallake. Kwana goma sha ɗaya aka yi ana abin da ba ya faɗuwa. Da ta dawo hutu ta tarar da rabin layinsu ba rufi, mai shagon da ke ba ta alewa kyauta ya ƙaura, maƙwabta suna gaisawa ido a ƙasa. Ta je jami'a ne don ta karanta lauya. Da ta koma sai ta sauya fanni, domin ta samu tambayar da ta fi ƙarfin Yaya.

Da farko ita ma irin aikin kowa take yi. Ta buga takardun tambayoyi, ta bi gida-gida: shin kuna ganin zaman lafiya ya dawo? E, a'a, ko ban sani ba. Mutane suka yi ta ce mata e don ta tashi ta ba su wuri. Sai da ta faɗa hannun wata tsohuwa mai ɗinki, wadda ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya, ta ɗora kofin shayinta a kai.

"'Yar nan, wannan takardar taki ba za ta gaya miki komai ba," in ji tsohuwar. "Ni dai ranar da wata mata daga tsallake ta zo ta ce in ara mata almakashi, ranar na san an daina. Tana da almakashi a gidanta, na sani, ita ma ta san na sani."

Dakta ta koma masauki ta zubar da takardun a kwali. Tun daga ranar ta shiga bin sawun aro. Gari bayan gari, duk inda aka yi rikici aka lafa, sai ta je ta zauna wata biyu ko uku tana tambayar wa ya ari me a wurin wa: bokiti, dutsen guga, baro, cajar waya, tsani. Abokan aikinta suka sa mata suna Dakta mai ƙidayar bokiti. Wani dattijon farfesa ya ce a taron sashe shi bai taɓa ganin an yi digiri na uku a kan kayan wanke-wanke ba. Bayan shekara biyar shi ne ya zo yana roƙon ta sa sunansa a takardar da aka gayyace ta gabatarwa a ƙasar waje, ta kuwa sa, don ba ta da riƙo.

Abin da ta gano ba shi da wuyar fahimta. Bayan faɗa baki yakan yi nauyi, ba mai iya cewa a yafe mini. Amma mutum zai iya zuwa aron tsani. Mai aro ya sunkuyar da kai ba tare da ya furta komai ba, mai bayarwa kuma ya amince ba tare da an ce ya amince ba. Sai dai ta ce aro na ɓangare ɗaya somin-taɓi ne. Sai ranar da wanda aka ara a wurinsa shi ma ya tako ya ari wani abu, ranar ce sulhu ya zauna da gindinsa. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya ado. Ita ta ce ta yarda, amma yana gina gari.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wannan mata da ake ɗauka a jirgi don ta koya wa mutane sulhu, shekara tara yayanta bai taka gidanta ba.

Laifin nata ne, ba kwana-kwana. Da ta zo rubuta littafinta na farko ta yi hira da mutanen unguwarsu, har da Yaya. A ranar ya ba ta labarin da bai taɓa ba kowa ba. Ranar farko ta rikicin, yara shida 'yan tsallake suna dawowa daga makaranta hanya ta rufe musu, suka faɗo shagonsa. Ya kafa tsani, ya tura su cikin silin ɗaya bayan ɗaya, ya binne tsanin a ƙarƙashin dusar katako, shi kuma ya shige wata kabad da yake haɗa wa wani malamin asibiti, ya ja ƙofa. Masu nema suka leƙa, suka ga shago ba kowa, suka wuce. Da ya gama ba ta labarin sai ya ce, "Maganar yaran nan kada ki rubuta. Har yanzu akwai masu zafin kai." Ta cire maganar yaran. Kabad ta rage.

Ƙa'idar masu bincike ce a ɓoye sunan wanda aka yi hira da shi, a ba shi lamba. Dakta ta bi ƙa'ida sau da ƙafa. Amma da yake ita mai son a faɗi abu daidai ce, sai ta rubuta: "Mai amsa na goma sha huɗu, namiji, kafinta, mai yatsu tara." Kuma saboda ta yi imanin cewa bincike haƙƙin masu shi ne, sai ta shirya taro a makarantar firamaren unguwa, ta tsaya gaban mutum ɗari biyu ta karanta musu wannan shafin da bakinta. Kafinta nawa ne mai yatsu tara a unguwa guda? Ba ta kai ƙarshen layin ba kawuna suka juya baya. Wani ya fara ƙyaƙyatawa, ɗaki ya ɗauka. Kafin mako ya zagayo sunan Yaya ya koma Sha Huɗu, masu wucewa suna ƙwanƙwasa kabad ɗin da ya jera a bakin shago suna cewa, "Mai gida yana ciki?"

Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Washegari da ta je sai ya ce, "Barka da zuwa, Dakta." Tun da aka haife ta bai taɓa kiran ta da wannan sunan ba. Ta ba shi haƙuri sau uku a shekarar, sau uku yana cewa, "Ba komai, Dakta." Suna haɗuwa a sabgar dangi, su gaisa, ya tambayi yara, ta tambayi aiki. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar Yaya ta ɗauke. Magana zarar bunu ce, ta riga ta zara. Abin yana ci mata rai, ko da ba ta faɗa wa kowa sai maigidanta.

Ana nan sai takarda ta fito: an ƙara mata girma zuwa farfesa. Gidan ya kaure da murna. Autarta ta yi ta tsalle a kan kujera har ƙafar kujerar ɗaya ta karye. Maigidanta, malamin lissafi a sakandare, mutum mai sanyin magana da zafin tsokana, ya ce daga yau shi ba zai ƙara yin gardama a gidan ba sai ya kawo hujja daga littafi uku. Ɗalibai suka cika ofis har aka kwashe takardun kan kujerar baƙi, abin da ba a taɓa gani ba. Aka sa ranar laccar da kowane sabon farfesa yake yi a babban zauren jami'a, aka ce ta kawo sunayen waɗanda za su zauna a layin gaba. Ta rubuta maigida, ta rubuta yara. Uwa ta rasu, uba ya rasu. Saura kujera ɗaya, kuma ta san ko ta wa ce. Idan ba a zauna a kanta ba, to rigar farfesa da hular duk kwalliyar banza ce.

Sai ta yi abin da ta iya: ta zauna ta rubuta wa Yaya wasiƙa. Kwana huɗu tana yi. Da ta gama ta miƙa wa maigidan ya duba. Shafi bakwai ce, da gabatarwa, da tarihin matsala, da ƙananan kanun magana, da shawarwari guda biyar a ƙarshe. Ya sa tabarau, ya ɗauko jan biro kamar zai duba jarrabawa, ya karanta har ƙarshe.

"Farfesa," ya ce, "wannan wasiƙa ce ko neman wani ƙarin girman?"

"Malam, ka bar wasa. Me ya rage a ciki?"

"Ba abin da ya rage, yawa ta yi. Mutumin da rubutu ya ɓata wa rai, shi za ki aika wa shafi bakwai?" Ya ajiye biron. "Wai a littafinki ba ke kika ce baki yakan yi nauyi ba? Me kika ce mutane suna yi?"

Ta harare shi. Shekara ashirin tana gaya wa duniya wannan magana, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa da ita ma ake ba. Lallai laifi tudu ne.

"To me zan ara?" ta ce. "Muna da komai."

"Kafinta ne. Ari tsani."

"Muna da tsani, sabo ma, na ƙarfe."

Malam ya tashi, ya fita tsakar gida, ya saɓa tsanin a kafaɗa, ya kai wa maƙwabcinsu mai gyaran lantarki, ya ce ya riƙe wata guda. Ya dawo yana kakkaɓe hannu.

"Yanzu ba mu da shi. Ba ki yi ƙarya ba."

Ranar Asabar da hantsi ta tsayar da mota a bakin shagon. Ƙamshin katako da gam ya doki hancinta, nan take ta koma 'yar shekara bakwai. Yaya yana sunkuye yana goge ƙofa, furfura ta cika masa kai, fensir a bayan kunne. Ta durƙusa ta gaishe shi. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya raine ka.

"Dakta ce? Na ji labari. Allah ya sanya alheri."

"Amin, Yaya. Aron tsani na zo."

Ya ɗago ya dube ta. Ya san gidan da take zaune, ya san ba ta rasa tsani ba. Ita ma ta san ya sani. Ya nuna mata guda biyu sababbi a jingine.

"Ɗauki wanda ya yi miki."

"Wancan nake so." Ta nuna wani tsoho a kusurwa, baƙi ƙirin don tsufa, matakinsa na uku an ɗaure shi da waya.

Ya ƙura wa tsanin ido. Shi ne tsanin yaran, su biyu kaɗai suka sani.

"Wannan ya tsufa."

"Ba hawa zan yi ba. A lacca zan jingina shi, ranar Alhamis da ƙarfe goma. Ba zan faɗi komai a kansa ba, Yaya. Na koyi darasi."

Ya ɗauko tsanin, ya kaɗe ƙurarsa, ya ɗora a saman motar, ya ɗaure da igiya, ya ja ƙullin sau uku yana gwadawa, kamar yadda ya ɗaure akwatinta ranar tafiya jami'a. Ta ajiye katin gayyata a kan teburin aikinsa. Ya ɗauki gwangwanin gam ya ɗora a kai.

"Ki dawo mini da shi, Dakta."

A hanya ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ko ya danne katin ne don kada iska ta ɗauke, ko kuwa gwangwanin ne ya samu wurin zama? Da ta isa gida ta tambayi Malam, ya ce wannan lissafin ba ya cikin manhajarsa.

Alhamis ta zo. Zaure ya cika, har da dattijon farfesa mai maganar kayan wanke-wanke, wanda yanzu yake gaya wa na kusa da shi cewa shi ya fara gano hazaƙarta. Rigar ta yi mata daidai, hular ce ta yi yawa, tana ta zamowa kan gira. Tsohon tsani yana jingine a bayanta, mutane suna ta kallonsa suna raɗa. A layin gaba ga Malam, ga yara, ga kujera ɗaya da farar takarda a kai an rubuta Yayan Farfesa. Ba kowa a kanta.

Ta daure ta yi laccarta. Ta ba su labarin tsohuwa da almakashi, ta nuna taswirar garuruwa da jajayen layukan aro suna tsallaka koguna da tituna. Aka yi dariya inda ya kamata, aka yi tsit inda ya kamata. Dab da ƙarshe ta ajiye takarda ta ce, "Ɗalibaina, ku ji wannan. Ni ɗin nan na taɓa ɓoye sunan mutum na bar yatsunsa a waje. Na bi ƙa'ida, na ɓata wa wanda ya raine ni rai. Wannan tsanin na aro ne. Yana da labari, amma labarin ba nawa ba ne."

Aka tafa. Shugaban taro ya tashi ya tunatar da jama'a cewa a irin wannan lacca ba a yin tambaya. Bai rufe baki ba sai ga hannu ya ɗago daga can baya, kusa da ƙofa. Hannun hagu ne, yatsu huɗu.

"Ranka ya daɗe, a yi mini alfarma," in ji Dakta. "Wannan mutumin na yi masa tambaya ta fi dubu. Yana bi na bashin ɗaya."

Yaya ya miƙe. Ya sa fararen kayansa, amma fensir yana nan a bayan kunne, ya manta.

"Ba tambaya ba ce," ya ce. "Ni ne lamba sha huɗu. Kabad ɗin gaskiya ce, na shiga, kuma aikin hannuna ce, ko ƙara ba ta yi ba." Zaure ya fashe da dariya, wannan karon har da shi. Ya jira aka lafa. "Sauran labarin an daɗe, yanzu ba mai zafin kan da zai taɓa kowa. 'Yar Tambaya, faɗa musu, ke kika iya baki."

Shekara tara ba ta ji wannan sunan ba. Hular ta zamo har kan ido, ta bar ta, don ta taimaka mata. Ta faɗi labarin yara shida da silin da dusar katako, tana yi tana share fuska da hannun rigar farfesa. Da ta gama zaure ya miƙe tsaye, kuma ba ita suke kallo ba. Autarta ta ruga ta kamo hannun kawunta, ta jawo shi har layin gaba, ta cire farar takardar ta zaunar da shi.

Washegari da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Yaya ne, ya ce tsaninsa ya zo ɗauka. Ya tsaya a bakin ƙofa jim kaɗan, sannan ya cire takalmi ya shigo. Aka kawo shayi. Ya sha yana ƙare wa falon kallo: kujerar da Auta ta karya, da kantar littattafai da ta lanƙwashe a tsakiya kamar bayan tsohon jaki.

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Saya na yi, Yaya."

"Ai na gani." Ya girgiza kai. "Litinin zan zo da katako. Bar tsanin a nan, zan buƙace shi."

Ya tashi zai tafi, sai ya tsaya a gaban kantar, ya bi littattafan da yatsa har ya kai kan nata na farko. Ya zaro shi, ya juya gaba da baya.

"Ara mini wannan. Ban taɓa karanta shi ba, shafi ɗaya kawai na ji."

Malam ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskar matarsa, ya rufe. Ita kuwa sai ta gyaɗa wa Yaya kai. Ta san abin da ta rubuta a kan ranar da mai bayarwa ya tako ya ari wani abu, ta koyar da shi a aji ya fi sau ɗari.

Yau shekara uku ke nan. Tsanin yana nan jingine a tsakar gidanta, littafin yana shagon Yaya, kuma ba wanda ya tambayi nasa.